Hukuncin kiran Abdurrahman da Audu, Abdul ko Rahman

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An raɗa wa ɗana Abdurrahman. A gida kakarsa na ce masa Audu. A makaranta kuwa an raba sunan biyu, Abdul daban, Rahman daban, har malamai suna kiransa Rahman. Wanne ya halatta a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya shi, 'yar'uwa. Kun zaɓa masa suna mai girma, domin Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman.

Sunan gaɓa biyu ne. "Abd" shi ne bawa, tushensa ɗaya da "ibada" da "abid", wato mai bauta. Gaɓa ta biyu sunan Ubangijin da ake bauta wa ne. Duk hukuncin yana rataye ne a kan gaɓar da aka yar.

Audu da Abdu babu komai a cikinsu. Harshe ne ya lanƙwasa kalmar: inda Basakkwace ke cewa Abdu, sabka, zamna, Bakano sai ya ce Audu, sauka, zauna. Haka sauran al'ummu suka yi da ita, Somaliyawa suna rubuta Cabdi, mutanen Senegal suna cewa Abdoulaye ko Ablaye. Ma'anar bawa ba ta gushe ba, kuma kowa ya san bawan wa ake nufi. "Abdul" ma ba zunubi ba ne, sai dai guntun magana ne, "Abd" da "al" ba tare da sunan da ya kamata ya biyo ba. Cika shi ya fi.

Inda matsalar take shi ne a yar da "Abd" a bar Rahman. Wannan bai halatta ba, saboda Ar-Rahman suna ne da ya keɓanta da Allah, kamar Al-Khaliƙ, Ar-Razzaƙ, As-Samad da Al-Ƙayyum. Mutanenmu sun yi sakaci sosai a nan, sai ka ji ana ƙwala wa yaro kira "Razaƙ!" a kan titi ba wanda ya ji komai. Akwai dai sunayen da ake siffanta halitta da su. Alƙur'ani ya kira Annabi (SAW) ra'uf, rahim a aya ta 128 ta Suratut Tauba, ya kuma ambaci Aziz na Masar a Suratu Yusuf. Don haka a kira Abdulkarim da Karim ko Abdul'aziz da Aziz, malamai sun sassauta.

Haramun ne kuma a jingina "Abd" ga wanin Allah, kamar Abdunnabi ko Abdurrasul. Malamin nan Ibn Hazm ya hakaito ijma'i, wato haɗuwar malamai, a kan haramcin irin wannan suna, ya togace Abdulmuɗɗalib. Annabi da kansa ya canza wa sahabinsa Ibn Auf irin wannan suna da yake da shi tun jahiliyya zuwa Abdurrahman.

Ki je makarantar ko mahaifinsa ya je, a nemi a gyara rajista: Abdurrahman a haɗe a gurbi ɗaya, sunan mahaifinsa a gurbin da ke biye. A duba takardar haihuwa ita ma tun kafin ya yi jarrabawar kammala sakandare, domin abin da ya hau takardar sakamako shi ke bin mutum zuwa katin ɗan ƙasa da fasfo, gyaransa a lokacin sai da rantsuwar kotu. Malaman a yi musu bayani cikin ladabi. Abin da ya wuce bisa rashin sani babu laifi a kanku. Wallahu a'alam.