Tambaya da Amsa: Shin da gaske kura matsoraciya ce kamar yadda finafinan namun daji suke nunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da 'ya'yana muna yawan kallon shirye-shiryen namun daji a talabijin, kuma wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne faɗan zaki da kura. Kusan kullum zakoki ake nunawa a kan nama, kuraye kuma suna raɓe-raɓe a gefe suna jiran saura, da zarar namijin zaki ya taso sai su watse. Dalilin tambayata shi ne, a ƙauyenmu da ke bakin daji an soma jin kukan kura da dare tun shigowar bazara, har ta shiga garke ta ɗauke tumaki biyu. Na yi magana a kan yaran da suke kwana a waje saboda zafi, sai aka yi mini dariya, aka ce kura mushe kawai take ci, ai ko a fim kowa ya ga irin tsoronta. Wasu kuma sun kawo shawarar a zuba guba a mushe kowa ya huta. Shin wannan gaba ta gaske ce ko shiri ne, kuma in kwantar da hankalina ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kwantar da hankalinka, kuma tun daga daren yau yaran nan su koma kwana cikin ɗaki mai ƙyaure, ko da zafi zai dame su. Wannan shi ne na gaggawa, sauran kuma bayani ne.

Gabar da ke tsakanin zaki da kura mai dabbare-dabbare ta gaske ce, babu wanda ya shirya ta. Dabbobi iri ɗaya suke farauta, a fili ɗaya, kuma galibi a cikin dare ɗaya, saboda haka dole su yi ta karo a kan jakin dawa da barewa da 'yan maruƙan ɓauna. A gandun Etosha na ƙasar Namibiya an yi bincike aka gano cewa kashi 71 cikin 100 na kurayen da aka san sanadin mutuwarsu zakoki ne suka kashe su, kuma zaki yakan karya wa kura ƙashin baya ya bar ta a yashe ba tare da ya ci naman ba, domin abokin takara ya kawar, ba abinci ya nema ba. Su ma kuraye idan suka tarar da 'ya'yan zaki babu uwa a kusa ba sa ƙyale su. Game da gudun da kake gani, sai ka duba nauyi: babbar kura tana tsakanin kilo 45 zuwa 80, namijin zaki kuwa yakan kai kilo 190 ko ya wuce. A Chobe ta ƙasar Botswana an lura cewa kuraye suna iya ƙwace nama daga zakanya da matasan zakoki idan yawansu ya kai kamar huɗu a kan kowane zaki ɗaya, amma idan akwai babban namiji a wurin, da wuya su yi nasara komai yawansu. Kurar da ta ga namijin zaki ta ba da ƙafa ta san abin da zai same ta ne idan ta tsaya, kuma wannan sanin bai shafi ɗan shekara biyar da yake barci a kan tabarma ba.

Inda fim yake ɓatar da mai kallo shi ne wajen wanda ya yi farautar tun farko. Shekaru da yawa kyamara ba ta iya ɗaukar hoto mai kyau cikin duhu, don haka masu ɗauka sukan iso da asuba, su tarar da zakoki sun baje a kan jakin dawa, kuraye kuma suna zagaye. Mai kallo sai ya yanke hukunci cewa zaki ne mai nama, kura ce ɓarauniya. Hans Kruuk, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya bi kuraye da mota cikin dare a ramin Ngorongoro da filin Serengeti na Tanzaniya a shekarun 1960, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1972. Abin da ya gani ya juya labarin: kurayen su ne suke kashe mafi yawan abin da suke ci, kuma a Ngorongoro zakoki ne suka fi ƙwace wa kuraye nama. Kay Holekamp ta Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, wadda take bin kurayen Masai Mara a Kenya tun 1988, ta samu cewa a can abin da suke kashewa da kansu yakan kai kashi 95 cikin 100 na abincinsu. Idan ka sake kallon irin wannan shiri, ka duba kurayen da suke tsaye a gefe da kyau, sau da yawa za ka ga fuskokinsu da wuyansu jina-jina, alamar cewa kawunansu sun riga sun shiga cikin dabbar kafin zakoki su iso. Ƙari a kan haka, ana kwashe watanni ko shekaru ana ɗauka, sannan a tace a fitar da abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma mai tacewa ba zai nuna maka yinin da zaki ya kwashe yana barci a inuwa ba. Yana buƙatar jarumi da mugu, kuma kura da ƙugunta a zube da muryarta mara daɗi ita ce ta dace da matsayin mugu.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da aka yi maka dariya da ita, domin kusan kullum sai na ji ta, daga bakin manoma da makiyaya har da masu ilimin boko, kuma na gaji da jin ta. A ce kura ba ta taɓa mai rai, a garin da kura ta shiga garke ta fita da tumaki biyu! Shin tumakin nan matattu ne aka ɗaure a turke? Mutanenku sun ga hujja da idonsu, amma suka zaɓi su gaskata tatsuniyar Gizo da abin da wani ya tace a ɗakin haɗa fim. Dabbar da muke magana a kanta tana gudun da ya kai kilomita 60 a awa, tana iya bin abin farauta na kilomitoci ba ta gaji ba, kuma kura ɗaya tilo tana kayar da dabbar da ta ninka ta nauyi. Muƙamuƙinta yana farfasa ƙashin cinyar babbar dabba, cikinta kuma yana narkar da shi, shi ya sa kashinta idan ya bushe yake yin fari fat kamar alli. Ɗanta ma da idanu a buɗe da haƙora a fite ake haihuwarsa. Wannan ce dabbar da ake cewa a bar yara su kwana a hanyarta.

Gaskiya ne kura tana kauce wa babban mutum da yake tsaye a farke, musamman idan yana riƙe da sanda ko fitila, kuma daga nan ne sunan tsoron ya samo asali. Amma kura tana auna abin da ke gabanta ne kafin ta afka, kuma abin da take nema shi ne wanda ba zai iya rama wa kansa ba, wato mai barci, da ƙaramin yaro, da tsoho, da majinyaci. A yankin Mulanje na ƙasar Malawi, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960, kuraye sun kashe mutane fiye da 20, kuma hare-haren sun fi yawa a watan Satumba, lokacin zafinsu, sa'ad da mutane suke fitowa waje su kwana. Ka kwatanta wannan da abin da ka faɗa mini game da ƙauyenku. A 2024 ma, a garin Juja da ke kusa da Nairobi, kuraye sun hallaka mutane har da yara, sai da hukumar namun daji ta Kenya ta tura ma'aikata suka yi ta kama su. Mai barci yawanci a fuska ko a ka take kama shi ta ja, kuma waɗanda suka tsira sukan rasa hanci ko leɓe ko ido. Irin wannan hari ba kullum yake faruwa ba, ba na son in tsorata ka fiye da kima, amma kusan duk inda ya faru za ka tarar da abubuwa uku a haɗe: namun dawa sun ƙare a dajin, akwai juji ko mahauta da ke jawo kura kusa da gidaje, sannan mutane sun saki jiki.

Akwai wani abu kuma da masu kafa hujja da fim suke mantawa. Zakin da yake korar kura a talabijin yana Tanzaniya ne ko Botswana. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, da gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Kenan a mafi yawan dazuzzukanmu kura ba ta da wanda ya fi ta, kuma babu namijin zakin da zai fito daga bayan rumbu ya kora muku ita.

Masu ƙara wa wannan ruɗu ƙarfi su ne gardawan da suke yawo da kura kasuwa-kasuwa, an sa mata takunkumi an ɗaure ta da sarƙa, su ɗora yaro a bayanta, sannan su baje layu da ƙulle-ƙulle su ce wanda ya saya kura ba za ta taɓa shi ba. Abin da ya hana wannan kura cizo shi ne takunkumin da ke bakinta da sandar da ta sha tun tana ƙarama, shi ya sa Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk mai sayar da irin wannan magani, a ce masa ya kwance takunkumin ya rataya layar ya kwana da ita ɗaki ɗaya. Haka nan masu tallar gashinta da fatar goshinta da sunan maganin kwarjini ko na tafiyar yaro, babu wata hujja a kan ko ɗaya daga ciki, kuma illar abin ita ce uban da ya ɗaura wa ɗansa laya yakan daina rufe ƙofa. A Harar ta ƙasar Habasha akwai masu ba kuraye nama da hannu a bakin ganuwa, ana yawan nuna su a bidiyo, amma waɗannan kuraye ne da suka saba da mutane ƙalilan shekara da shekaru, kuma a ƙoshe suke.

Shawarar guba kuwa, ina roƙonka ka tsaya tsayin daka ka hana. Mushen da aka barbaɗa wa maganin ƙwarin gona ba ya tantance mai ci. Ungulaye ne suke fara sauka, sai karnukan gari, sai dila, kuma ruwan sama yana iya wanke shi zuwa tafkin da dabbobinku suke sha. A Botswana a 2019 gawarwakin giwaye uku da aka sa wa guba sun kashe ungulaye sama da 500 a lokaci ɗaya. Mu da muke ganin yadda ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu bai kamata mu ƙara da namu ba, domin idan ta ƙare mushe yakan daɗe a yashe, karnukan da ba su da mai su yi yawa, ciwon haukan kare ya biyo baya. Kuma ko an kashe kura ɗaya, matuƙar abin da ya jawo ta yana nan, wata za ta maye gurbinta.

Abin da ya kamata ku yi ba shi da wuya. Da safe ku duba bakin garke ku tabbatar da ko wace dabba ce: sawun kura yana nuna farata kamar na kare amma ya fi girma, kuma na ƙafar gaba ya fi na baya faɗi, alhali sawun damisa ba ya nuna farce. Ku gyara shingen garke ya yi kauri tun daga ƙasa, domin kura ta ƙasa take kutsawa ko ta tona, kuma ƙofar ta zama ta katako ko ta langa-langa, kada a tare ta da reshen ƙaya kawai. Karnuka masu haushi da mutum mai fitila da yake kwana kusa da garke suna rage ɓarna ƙwarai. Duk dabbar da ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta nesa da gari, mahauta kuma su daina zubar da ƙashi da kayan ciki a bayan gidaje. Kada a aiki yaro bayan magariba, kada ya fita bayan gida shi kaɗai da dare. Wanda ya yi kiciɓis da kura kada ya juya mata baya ya ruga, kada kuma ya kwanta, ya fuskance ta yana ihu yana ja da baya sannu a hankali.

Ku kai rahoto wurin mai unguwa da hakimi da ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarku, kuma ku kai shi a rubuce da kwanan wata, ku riƙe kwafi. Na san halin ofisoshi, za a iya ce muku babu mota, ko babu mai, ko oga ya yi tafiya, sai an rasa rai sannan a zo da tawaga da masu ɗaukar hoto. Duk da haka ku kai, ku kuma koma, domin takarda ce kaɗai abin da za ku nuna idan aka ce ba a sanar ba. Idan kuma, Allah ya kiyaye, kura ta ciji wani, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, kada a cusa masa toka ko garin magani, a wuce da shi asibiti a ranar domin allurar rigakafin haukan kare da ta sandarewar jiki, ko da raunin ƙarami ne.