Allurar zafi da ta mai suna hawa tare idan na kunna fitila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar akori-kura Hilux ƙirar 1986 mai injin gas, da ita nake ɗaukar hatsi daga Funtuwa zuwa Dawanau. Da rana lafiya lau, amma da na kunna fitila sai allurar zafi ta doshi ja, ta mai kuma ta nuna tanki cike alhali rabi ne. Na canza fulot, wato abin auna mai na cikin tanki, an wanke lagireto, ba ta sauya zani ba. Yanzu an ce in sayi mita gaba ɗaya, wani kuma ya ce a cire tamosta, wato abin da ke daidaita zafin inji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tukuna dai, mayar da kuɗin mita aljihu.

Fulot yana can baya cikin tanki, na'urar auna zafi tana gaba a jikin inji, babu abin da ya haɗa su. Da wuya su lalace a dare ɗaya, balle su riƙa jiran sai ka kunna fitila. Idan allura biyu suka yi ƙarya tare, abin da suka yi tarayya a kai ake tuhuma: fiyus, wayar da ke kawo musu wuta, ko at, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin ƙarfen mota ta koma batir. Bisa bayaninka, at nake zargi.

Mitocin Toyota na wancan zamani da zafi suke aiki. Wuta tana ɗumama wani siririn ƙarfe, shi kuma ya lanƙwashe ya ja allura, shi ya sa suke hawa a hankali idan ka murɗa makulli. A cikin mitar mai akwai ɗan abin da ke rage wutar batir zuwa wajen bolt 7, kuma shi ke ciyar da allurorin biyu. Sai da at mai kyau yake aiki. Da rana wutar da ke bin wannan hanya kaɗan ce, tana lallaɓawa ta wuce ko da akwai tsatsa. Da ka kunna fitila sai kaya ya yi yawa, hanya ta cushe, mai rage wutar ya kasa yankewa yadda ya saba, sai ya tura wa allurorin fiye da ƙima, duka su hau.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka samo wayar jan wuta irin wadda ake tayar da mota da ita. Inji na aiki, fitila a kunne, ka maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan a kan wani ƙarfen bodi da babu fenti. Ka ba shi minti ɗaya ko biyu yaronka na kallon das. In allurori sun sauko, ka kama ɓarawo. In ba su motsa ba, sai mai wayarin ya ja wata siririyar waya daga kan batir mai alamar ragi kai tsaye zuwa at ɗin bayan mita ya sake gwadawa.

Daga nan sai bin sawu. Akwai wayar da ta tashi daga batir zuwa bodi, akwai ta inji, akwai kuma wasu ƙanana da aka ɗaure da noti ɗaya a ƙarƙashin das, ta wajen ƙafa. A wayarin Toyota fara ce mai baƙin layi. Kada ka yarda da ido. Za ka ga noti a ɗaure tam, ka kwance ka tarar ƙarƙashinsa jan gari ne, ko bakin wayar ya yi kore kamar gansakuka. Motar da ta ci damina kusan arba'in, ta sha wanki da fenti, dole a sami wannan, kuma masu fenti sukan fesa wurin su mayar da wayar a kan sabon fenti. A goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure, sannan a shafa giris a sama. Mai na'urar awo ya auna tsakanin kan batir mai alamar ragi da bodi fitila na kunne: in ya wuce bolt 0.2, da sauran aiki. Tun da na'urar na hannu, ya duba caji, ya kamata ya tsaya wajen bolt 14. Altanetar da ke kai 15 zuwa sama ita ma tana rikita mita, ta dafa batir.

Sai an gama da wannan ake ciro mita a duba soket da siraran layukan tagulla na bayanta, don sukan tsage. Fiyus ɗin mita ma a zare a goge ƙafafunsa. In an tarar an naɗa masa waya a maimakon fiyus, a cire ta yau ɗin nan.

Fulot ɗin da ka canza, in tsohon na nan kada ka yar. A auna shi: a Toyota yakan ba da wajen om 3 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) idan an ɗaga shi sama, 110 idan ya sauka ƙasa. In ya bi wannan ba tare da tsalle ba, lafiyarsa ƙalau, wataƙila ma ya fi sabon.

Batun cire tamosta kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Al'ada ce da ta yi katutu a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, yana hayaƙi, yana saurin cinyewa, kuma naka ma ba a tabbatar yana zafi ba.

Amma kafin a gyara, kada ka ce ai allura maƙaryaciya ce ka daina kallonta. Kullum da safe, inji a sanyaye, ka duba ruwa. In ta hau a hanya, rage gudu ka sami gefen titi ka tsaya, sannan ka kashe fitila inji na aiki. In ta sauko cikin minti biyu, wayarin ne. In ta tsaya a sama, ko ka ji ruwa na tafasa, kashe inji, kuma kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce.