Wulaƙancin wariyar launin fata na iya sa wa mutum hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya yi shekara bakwai yana aikin gini a wata ƙasar Larabawa. Lafiyarsa lau ya tafi, ya dawo mana da hawan jini, bai ko cika shekara talatin da biyar ba. Shi ya dage cewa wulaƙancin da ya sha saboda baƙar fatarsa ne ya jawo masa. Innarmu ta ce hannu aka sa masa, maigidana kuma ya ce ai hawan jini gadon baƙar fata ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Maganar Inna zan bar muku ita a cikin gida, ba fagena ba ne. Amma tsakanin ƙanenki da maigidanki, abin da masu nazarin zamantakewa da likitoci suka tara ya fi rinjaya wajen ƙanenki.

Bari in fara da batun gado, domin shi ya fi yawo a bakin mutane, har da wasu masu farar riga. Gaskiya ne hawan jini na bin dangi, kuma gaskiya ne ya yi wa baƙaƙen fatar Amurka katutu fiye da fararensu. To amma a 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, tare da abokan aikinsu, sun auna jinin mutanen da asalinsu duk Afirka ta Yamma ne, wasu a gida, wasu a inda cinikin bayi ya jefa kakanninsu. A Najeriya da Kamaru sun samu kimanin kashi 16 cikin ɗari na da hawan jini. A tsibiran Karebiyan irin su Jamaika, kashi 26. A wata unguwa kusa da Shikago ta Amurka, kashi 33. Tsatso ɗaya, fata ɗaya, amma ciwon ya ninka. Su masu binciken sun ɗora kaso mai yawa na bambancin a kan ƙiba da gishiri, kuma hakan daidai ne. Sai dai mai nazarin zamantakewa ba ya tsayawa nan, sai ya tambaya: wa ya tura waɗannan mutane unguwar da abincin gwangwani ya fi ganye araha? Tun 1899 W.E.B. Du Bois, masanin zamantakewa baƙar fata ɗan Amurka, ya yi irin wannan tambayar, bayan ya bi gida gida a unguwar baƙaƙe ta Filadelfiya, ya nuna cewa tarin fukan da ke kashe su yana bin ɗakuna masu danshi da cunkoso da talauci.

Binciken da ni ya fi gamsar da ni shi ne na Richard David da James Collins, shi ma na 1997. Sun duba takardun haihuwa na jihar Illinois, suka ga jariran matan da aka haifa a Afirka ta Yamma suka yi ƙaura can, nauyinsu ya yi kusa da na jariran fararen fata. Jariran baƙaƙen matan da suka tashi a Amurka su ne ke zuwa ƙanana. Da a jini abin yake, ai 'yar Afirka ce za ta fi kowa ɗauke da shi.

To ta ina wulaƙanci ke shiga jiki? Ki tambayi ƙanenki yadda yininsa yake a can. Wataƙila ya shiga kanti, mai kantin ya tsallake shi ya sallami wanda ya zo bayansa. Yaro ƙarami ya kira shi da kalmar da ke nufin bawa, shi kuwa ba halin ya tanka, fasfo ɗinsa na hannun uban gida. Ya haɗiye. A wannan lokacin gabansa ya faɗi, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini suka tsuke, jiki ya saki sinadaran da Allah ya tanadar domin ranar da mutum ya yi kiciɓis da kura. In sau ɗaya ne, jiki ya huce ya koma daidai. In kullum ne, ga rashin barci a ɗakin mutum goma, ga zullumin kamen 'yan sanda, injin ba ya samun hutu. Wata mai bincike a Amurka, Arline Geronimus, ta ba wannan suna a 1992, sunan da ma'anarsa ta fi kusa da zaizaya. Ke 'yar Argungu ce, kin san katangar laka: ba ruwan dare ɗaya ke kai ta ƙasa ba, damina ce bayan damina.

David Williams, wanda yanzu yake Jami'ar Harvard, ya tsara wasu 'yan tambayoyi na auna irin wannan: sau nawa ake yi maka hidimar da ba ta kai ta wasu ba a kanti, sau nawa ake ɗaukar ka maras wayo, ko maƙaryaci, ko abin tsoro. An yi amfani da su a ƙasashe da yawa, kuma masu amsa "kullum" sun fi fama da damuwa, ciwon baƙin ciki da rashin barci. Alaƙar da hawan jini ita ma an gan ta, ko da yake ba ta kai ƙarfin ta lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

Akwai misali ɗaya da nake yawan ba ɗalibaina, don yana sa aji ya yi tsit. Wata mai bincike, Diane Lauderdale, ta duba haihuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin wata shida da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001. Mata masu sunayen Larabawa sun fi haihuwar bakwaini da jarirai marasa nauyi idan aka gwada da daidai lokacin a shekarar da ta gabata, sauran mata kuwa ba a ga wannan canji ba. Jininsu bai sake ba, kallon da ake musu a titi ne ya sake. Ki lura kuma, a nan Balarabiya ce a ƙasa. Wanda ya taka wani a garinsu, shi ake takawa a garin wasu.

Sai asibiti kansa. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiyar Amurka ta bar baƙaƙen maza kusan 400 a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda ciwon ke cin mutum, alhali an samu fenisilin tun a tsakiyar aikin. A 2016 wani bincike a Jami'ar Virginia ya samu kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar wai fatarsa ta fi kauri. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000 a Amurka, baƙaƙen mata kusan 70 suka rasu, fararen kuwa kusan 27. Wanda aka yi wa haka sai ya guji asibiti, ciwo ya ci shi a gida. Mu ma mun san wannan hanya: bayan gwajin maganin sanƙarau da aka yi kan yara a Kano a 1996, zargi ya zauna a zukata, kuma yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, har da Zamfara.

Kada kuma mu ɗauka abin na ƙetare ne kawai. A nan launi ba ya raba mu sosai, amma ƙabila da asali suna yin aikinsa. Na taɓa zama a layin wani asibiti, wata Bafulatana da goyo tana ƙoƙarin bayani da guntuwar Hausarta, mai ba da kati ya ce da ƙarfi, "Ku ne kuka hana mu barci, ki jira." Ta gyara goyonta ta fita, ban ga ta dawo ba. Haka Badakkare ke jin ana kiransa da sunan da bai so, haka ɗan ci-raninmu ke zama "aboki" a Legas, haka ake hana wani aure a ce kakansa bawa ne ko mahauci.

Game da ƙanenki, bincike irin wannan kan jama'a yake magana, ba ya yanke hukunci kan mutum guda. Zafin rana a wajen gini, ƙarancin shan ruwa, abincin leda, taba in yana sha, da abin da ya gada daga iyaye, duk suna iya haɗuwa da abin da ya faɗa. Tunda shekarunsa kaɗan ne, ya nemi likita ya duba masa ƙoda da fitsari, ba awon jini kaɗai ba. Ya riƙe maganinsa ko ya ji sauƙi, a rage masa gishiri da dunƙulen miya. Idan kuma ya fara ba da labarin can, ku daina tare shi da "ai ya wuce". Ki ce wa maigidanki ya ja shi hira bayan isha'i, ya bar shi ya kai ƙarshe.