Faya-fayan laburare sun maƙale a Sabon Gari, ejan na neman fam 600

"Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne, shekarata biyu a Lesta ta Ingila ina aikin kula da tsofaffi. Na yi katin laburaren unguwarmu, ina aro faya-fayan CD na tsofaffin waƙoƙin Indiya saboda kewar gida. Tsautsayi ya sa na nuna wa Yayana su a kiran bidiyo. Yana da shagon tura waƙoƙi a Sabon Gari, yana kuma sa kiɗa a wajen biki. Ya matsa mini, Hajiya ta sa baki, na ba wani mai tafiya gida guda goma sha biyu a kan zai kwafe ya maido. Yau wata bakwai. Laburare sun aiko takarda har uku, ta ƙarshe ta ce za su miƙa maganar ga kamfanin karɓar bashi. Ejan ɗin da ya yi mini hanyar zuwa ya ce wannan satar kayan gwamnati ce, sunana ya riga ya shiga kwamfutar ma'aikatar cikin gida, ba za a sabunta mini biza ba sai na ba shi fam 600 da kalmar sirrin asusuna na biza ya sa a goge. Yaya kuma ya ce kayan Turawa ne, in manta da su, in ma ƙaro masa wasu. Barci ya ƙaurace mini."

Ɗana, kafin komai, kada ka ba mutumin nan ko sisi, kada kuma ka ba shi kalmar sirrinka. In ka riga ka ba shi, ajiye karatun nan ka je ka canza ta yanzu, ka duba ko imel da lambar wayar da ke cikin asusun har yanzu naka ne, sannan ka dawo mu ci gaba.

A cikin mutum ukun da suka hana ka barci, laburare ne mai sauƙi, shi kuma ka fi tsoro. An bar jaki ana dukan taiki.

Laburaren unguwarku na ƙaramar hukuma ne. Dokar laburaren jama'a ta 1964 ita ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila nauyin buɗe su, ta ce aron littafi kyauta ne, amma ta bar musu ƙofar karɓar ɗan kuɗi a kan faifan waƙa da na fim. Idan mai aro ya wuce wa'adi, tara ce. Idan ya daɗe bai maido ba, sai su ɗauka abin ya ɓace, su rubuta masa kuɗin sayen wani. Abin da ke tsakaninka da su ke nan: bashi. Sabon CD a kanti bai cika wuce fam goma zuwa goma sha biyar ba, ka yi lissafin goma sha biyu da kanka ka ɗora tara a kai, ka gani ko ya kama ƙafar fam 600. Yawancin laburare ma suna da iyakar da tarar abu ɗaya ba ta wucewa, wasu kuma sun soke tarar gaba ɗaya, kamar yadda Trafford da ke gefen Manchesta ta yi a 2018. Mutanen da ke neman hanyar yafe wa jama'a tara ba su ne za su bi ka da 'yan sanda a kan waƙar Indiya ba.

Maganar biza kuwa, ka san ƙa'idojin tunda ka cike takardun nan da hannunka. Bashin da aka ambata da suna cikin dalilan hana biza shi ne na asibitin gwamnati, wato NHS, idan ya kai fam 500, da kuɗin shari'ar da kotu ta ce a biya ma'aikatar cikin gida ba a biya ba. Sai hukuncin laifi, sai ƙarya a cikin takarda. Tarar laburare ba ta cikin jerin. Kamfanin karɓar bashi shi ma ba kotu ba ne, ba ɗan sanda ba ne. Aikinsa rubuto takarda da buga waya.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Shirun da kake yi shi ne haɗarin. Bashin da aka yi biris da shi yana iya kaiwa kotun basussuka, a yanke hukuncin bashin da suke kira CCJ, wanda in ba a biya cikin wata ɗaya ba zai zauna a rajista shekara shida. Ranar da ka je kama hayar gida ko karɓar waya a kan biya wata-wata, nan za ka gamu da shi. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya makara da wanda ya ɗauki kayan mutane da niyyar ba zai maido ba har abada. Kai ba ka da wannan niyyar, to ka nuna. Ranar hutunka ta farko ka ɗauki katin da takardun uku, ka je kan teburin karɓar baƙi, ka ce faya-fayan nan ba sa hannunka, ka zo biyan kuɗinsu. Ba sai ka ba da tarihin danginku ba, kada kuma ka ƙirƙiro labarin gobara ko ɓarawo. In kuɗin ya yi maka nauyi a lokaci ɗaya, ka roƙi a raba maka. Ka tambaya ko za su karɓi sabon faifai irinsa a madadin kuɗi, wasu suna yarda. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa, ka nemi su rubuto maka ta imel cewa asusunka ya fita tas. Ina kyautata zaton matar da ke kan teburin nan ta ga irinka fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ba za ta ko ɗaga gira ba.

Yanzu ejan. Ta ina ya san maganar laburare? Kai ka faɗa masa, don shi ne "babba" a idonka tun da shi ya yi maka hanya. Ya ji tsoro a muryarka, ya sa masa farashi. Babu wani mahaluki a unguwarku da ke da maɓallin goge suna a kwamfutar ma'aikatar cikin gida, ballantana sunan da bai shiga ba. Abin da yake so na gaskiya ba fam 600 ba ne, asusun ne. Tun da katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen Disambar 2024, shaidar zamanka gaba ɗaya tana cikin wannan asusun na intanet. Daga nan kake ciro lambar da za ka nuna wa mai aiki da mai gidan haya. Na ga yaro ɗan Samaru da ya ba wani "ɗan'uwa Musulmi" kalmar sirrinsa don ya taya shi gyara kuskuren suna. Mutumin ya cire imel ɗin yaron ya sa nasa, ya cire lambar waya ya sa tasa. Daga ranar, duk lokacin da yaron zai nemi aiki sai ya kira shi ya biya kafin a ba shi lamba. Ya yi watanni yana biyan kuɗin shiga ɗakinsa da kansa. Wata baiwar Allah kuma, ejan ya cike mata takarda ya cusa shaidar aikin da ba ta taɓa yi ba, ba ta ko karanta ba ta sa hannu. Ƙarya a takardar biza tana iya jawo hana shiga ƙasar har shekara goma, kuma a kan mai sunan take faɗawa. Shi ejan ya canza layi.

A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice alhali ba lauya ba ne kuma ba shi da rajista da hukumar da ke sa ido a kan masu wannan aiki, wadda a da ake kira OISC, aka canza mata suna zuwa IAA a farkon 2025. Rajistar a buɗe take a intanet. Nemi sunansa. In babu, ka san da wa kake. Kada ka tsaya cacar baki da shi, kada ka goge saƙonninsa, musamman wanda ya ambaci kuɗi. In hankalinka bai kwanta da maganata ba, ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice kyauta ne, je ka da takardun su karanta maka.

Saura Yaya, kuma a nan ne zan daɗe, don shi ne tushen.

Na san shagunan nan. Ko makon jiya na tsaya a irinsu a Sabon Gari ina jiran a gyara mini waya: tsohuwar kwamfuta a kan benci, fanka na juya ƙura, lasifika biyu a bakin ƙofa, yara sun yi layi kowa da memori a tafin hannu, mai shago yana tambaya "Indiya ko Hausa ko wa'azi?" Kwafe faifai ɗaya a wannan kwamfutar bai fi a sha shayi a tashi ba. Goma sha biyu aikin yini ɗaya ne, har da ɗauke wuta. Wata bakwai ba kwafa ba ce. Ko dai ya jera su a gilashi ana gani ana cewa ƙaninsa ne ya aiko daga Ingila, ko ya sayar, ko ya ba wani aro shi ma. Ko ma wanne ne, da sunanka da adireshinka ya yi ado, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Batun "kayan Turawa ne" kuwa, ina so ka mayar masa da amsar da ya sani tun yana makarantar allo. Allah Ya ce a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amana ga masu ita, bai ware wani jinsi ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da zai fita yaƙin Hunainu ya ari sulke a wajen Safwanu ɗan Umayya, a lokacin Safwanu bai musulunta ba, ya kuma ba shi tabbacin aro ne mai lamuni. Wanda ya fi kowa bai ce kayan wanda ba Musulmi ba halas ne a riƙe ba, sai Yayanka a Sabon Gari? Kuma waɗanne Turawa? Harajin gida da ake karɓa a unguwarku, wanda kai ma kake biya ko a cikin kuɗin hayarka, yana cikin abin da ake sayen faya-fayan nan da shi. Dalilin da ya sa ma ka tarar da tarin waƙoƙin Indiya a laburaren Lesta shi ne yawan Indiyawan garin, ciki har da dubban da suka sauka can bayan Idi Amin ya kore su daga Yuganda a 1972. Wata tsohuwa irin waɗanda kake wa wanka da safe tana nan ta je neman faifan da ke tuna mata ƙuruciya, an ce mata yana hannun wani. 'Yar ci-rani ce kamarka.

"Ƙaro wasu" kuma, a'a, ko da a ce za su dawo cikin mako. Kwafe faifan laburare ba ya cikin aro. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988 tsauri gare ta: a 2014 gwamnati ta sassauta ta ce mutum na iya kwafe faifan da ya saya don amfanin kansa, a 2015 babbar kotu ta rushe sassaucin. Ba wanda ke bin gida-gida yana duba wayar mutane, gaskiya ne. Amma kwafa don sayarwa laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa shekara goma a kurkuku, kuma mai kawo kaya yana cikin cinikin. Wannan, ba tara ba, shi ne irin abin da ke taɓa biza. A gida ma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, ko da yake na san Yaya zai yi dariya in ka faɗa masa. Shi yana da abin dariya. Kai ke zaune a ƙasar mutane da takarda mai wa'adi.

Haka nan in laburarenku na da manhajar sauraron waƙa irin Freegal, wadda ke ba mai kati damar sauke 'yan waƙoƙi a mako ya riƙe, to naka ne kai kaɗai. Yaya zai ji labarinta wata rana, zai ce ai lambar kati kawai zai karɓa. Kada ka bayar.

Ban ga laifin Hajiya sosai ba. Ita abin da ta ji shi ne ƙani ya hana wansa 'yan faya-fayai, ba wanda ya gaya mata akwai takardar bashi da sunan ɗanta a kai. Laifin a nan naka ne, ɗana: ka ɓoye mata don kunya, ka bar Yaya shi kaɗai yana ba da labari. Mu 'yan Zazzau mun iya kara, har mukan yi wa wanda ke cutarmu. Girmama na gaba wajibi ne, amma wan da ya ji ƙaninsa na cikin tashin hankali a ƙasar da ba shi da kowa, amsarsa ita ce "ƙaro mini", ya sauka daga kujerar da ake girmamawa don ita. Ba na ce ka yi masa rashin kunya ba. Ka kira shi Yaya kamar kullum, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka ce ba zai yiwu ba. In ya yi fushi, ya yi. Fushin da ake yi da mai aiko kuɗin wata ba ya kai sallah.

Kada ka jira faya-fayan su dawo kafin ka je laburare. Ko sun dawo, bayan wata bakwai a ƙurar shago da hannun yara, da wuya a karɓe su. Ka biya tukuna. Sannan ka kira Hajiya ita kaɗai, bayan la'asar lokacin da gida ya yi shiru, ka karanta mata takarda ta uku da Hausa, kalma bayan kalma, ka faɗa mata nawa ka biya a naira. Ka ce mata kuɗin cefanenta da na maganinta ba za su taɓu ba, amma abin da ka saba tura wa Yaya zai tsaya har sai ya cike wannan gurbin. Ka roƙe ta ita ta faɗa masa, don daga bakinta zai fi jin nauyi.

In ka dawo daga laburaren, turo mini hoton rasit ɗin. Ina so in ga nawa ne ainihin kuɗin da aka nemi fam 600 a kansa.