Amsa ga ƙaninmu mai shirin fita karatu: batun tsadar fasfo

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce kana neman gurbin karatu a waje, ka ga kuɗin fasfo ya tashi, jama'a na ta kuka, shi ne kake tambaya ko ka dakata ko gwamnati za ta janye ƙarin, ko kuwa ka yi mai shekara biyar tunda ya fi sauƙi. Ka kuma ce wani ya yi maka alkawarin fito da shi cikin kwana uku in ka ɗora masa wani abu.

Kukan jama'a yana kan hanya, ba za mu ɓoye maka ba. Kafin watan Satumba na 2024, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 35,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 70,000. Ranar 1 ga Satumba, 2024, suka koma 50,000 da 100,000. Shekara ɗaya cif bayan nan, ranar 1 ga Satumba, 2025, Hukumar Shige da Fice ta ninka su zuwa 100,000 da 200,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, wato ƙaramin ma'aikaci zai yi aikin wata guda cur bai tara kuɗin ƙaramin fasfo ba. Wannan ne abin da 'yan adawa irin su Peter Obi suka riƙe suna sukar gwamnati da shi. Hukumar ta ce ta yi ƙarin ne don kare inganci da martabar fasfon, wasu kuma na cewa wanda zai iya sayen tikitin jirgi ai kuɗin fasfo ba zai gagare shi ba. Mu wannan maganar ba ta gamsar da mu. Ba duk mai neman fasfo ne mai kuɗi ba. Akwai ɗalibin da tallafi zai ɗauki nauyinsa, akwai mara lafiyar da dangi suka yi wa karo-karo zuwa Masar ko Indiya, akwai dattijuwar da ta shekara goma tana adashin Umara. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu sai ya ajiye naira 600,000 kafin a fara maganar biza.

Duk da haka, kada ka jira. Ƙarin 2024 ma an yi ta kuka a kansa, ba a janye ba, ƙari aka yi. Kuma kai lokaci ne ke binka: rajistar IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, da lambar fasfo ake yi, ranar jarrabawar ma wannan fasfon za ka nuna. Takardar CAS, ta shaidar samun gurbin karatu, da jami'o'in Ingila ke bayarwa tana ɗauke da lambar fasfonka. Ba fasfo, ba a ma fara ba.

In ka kai shekara 18 kuma hali ya yi, yi mai shekara goma. A lissafi duk ɗaya ne, naira 20,000 kowace shekara, amma dubi abin da ke gaba. Digiri na farko shekara uku zuwa huɗu ne, neman gurbi da biza na iya cin shekara guda, sannan ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna son ya wuce ranar fitarka daga yankin da aƙalla wata uku, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ka ga mai shekara biyar zai mutu maka a tsakiyar hanya. Sabuntawa a waje dala 150 ne mai shekara biyar, dala 230 mai shekara goma, kuma wannan kuɗin hukuma ne kawai, ban da kuɗin hidima da na aikawa da na tafiya. A Amurka ofisoshin jakadancinmu suna Washington da New York da Atlanta, a Ingila Landan, a Kanada Otawa. Wanda ke karatu a yammacin Kanada sai ya hau jirgi na sa'o'i huɗu ko biyar kafin ya isa. An fito da manhajar waya ta sabuntawa ba tare da zuwa ofis ba, wadda aka fara a Kanada a ƙarshen 2024, ta kuma rage wahala, amma in ta ƙi karɓar zanen yatsunka dole ka je da ƙafarka. Bayan an sabunta kuma akwai aikin sanar da hukumar shige da ficen ƙasar da kake sabuwar lamba.

Inda 'yan'uwanmu suka fi yin asara ba kuɗin fasfon ba ne, suna ne. Yanzu bayanan fasfo daga lambar NIN ake ɗauko su. Abin da ke rubuce a rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, shi zai fito, ko daidai ko kuskure. Mu kuwa ka san yadda sunayenmu suke: takardar WAEC ta ce Mohammed, NIN ta ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Muhammadu. Wani wuri sunan mahaifi ne na ƙarshe, wani wuri sunan kaka, wani wuri sunan gari. A gida ana ɗaga ƙafa, amma jami'in biza a waje mutum biyu yake gani. Don haka kafin ka biya ko sisi, shimfiɗa takardar NIN da ta haihuwa da sakamakon WAEC ko NECO da shaidar digiri in kana da ita, ka bi su harafi-harafi: rubutun suna, jerin sunayen, ranar haihuwa. Takardun makaranta sun fi wuyar gyara, saboda haka galibi NIN ake gyarawa ta dace da su. Gyaran na ɗaukar lokaci kafin ya bayyana a wajen Hukumar Shige da Fice, kada ka cika fom washegarin gyara. In ka bari aka buga fasfo da kuskure, gyaransa sabon nema ne da sabon biya, da rantsuwar kotu a kai.

In takardu sun daidaita, sauran mai sauƙi ne. Shiga shafin hukumar na intanet da kanka, sa NIN, ɗora takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukumarka, da hoto mai farin bango wanda fuska ta fito sarai. Biya a shafin, buga rasit, zaɓi ofis da rana, ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsu. In a kanti mai kwamfuta za a cika maka, zauna kusa ka karanta kowane layi kafin a tura, kuma lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, ba na mai kantin ba. Ka ba wa kanka wata biyu zuwa uku kafin ranar da kake buƙatarsa, ko da an ce maka mako ɗaya ne.

Shi kuwa mai kwana uku, rabu da shi. Ɗan cuwa-cuwa ba shi ke buga fasfo ba. Abin da yake yi shi ne ya karɓi kuɗi a hannu, ya cika fom da gaggawa, sau da yawa da kuskure, wani lokaci ma bai biya hukuma ba sai ya miƙo maka rasit na bogi. Ranar da ka je ɗaukar hoto ne za ka gane, lokacin wayarsa a kashe take. Duk kuɗin da ba a shafin hukuma ka biya ba, ba ka da hujja a kansa.

Ranar da ka karɓa, kafin ka bar ofishin, duba suna da ranar haihuwa da jinsi da ranar ƙarewa. Ɗauki hoton shafin bayanai ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi ɗaya a gida wajen iyaye. In fasfo ya ɓace a waje, sai da rahoton 'yan sanda da ƙarin kuɗin tara kafin a ba ka wani, kuma wannan kwafin ne zai sa ofishin jakadanci ya gano fayil ɗinka da wuri. Allah ya ba da sa'a, ya sa a dace da gurbin.