Tambayoyin Masu Karatu: Ɗan garinmu ya samu a albasa, in bi sahunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gadi nake yi a Ikeja, shekara 6 ke nan, na tara naira miliyan 1 da dubu 200. Bara wani ɗan garinmu ya sari albasa a Aliero ta jihar Kebbi tana araha, ya ajiye, da ta yi tsada ya kawo kasuwar Mile 12 ta Legas ya ninka kuɗinsa, har ya sayi babur. Zuciyata na raya mini in zuba duk abin da na tara. Me ka gani?
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a guminka. Bari in fara tambayarka: mutum nawa ne suka ajiye albasa bara? Kai ɗaya ka gani, domin shi ne ya zo majalisa da sabon babur. Wanda damina ta shigar wa rumbu, albasar ta tsiro ta ruɓe, ba ya zuwa Agege ba da labari. Yana can gida yana biyan bashi a ɓoye, kunya ta rufe masa baki.

Na ga irin wannan da idona a 2016, lokacin MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Wani tela maƙwabcina a Idi-Araba kullum yana nuna mana alat a wayarsa, mutum uku a layinmu suka bi shi. Da aka rufe asusun mutane a watan Disamba, ɗayansu sai da ya sayar da keken ɗinkinsa, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba.

Albasa sana'a ce ta halal, ba na haɗa ta da waccan. Amma ka zaunar da ɗan garin naku ya yi maka lissafi dalla-dalla: buhu nawa ya sara, nawa suka lalace, nawa ya biya kuɗin mota daga Kebbi, nawa dillali da 'yan dako suka ci. Sannan ka sammako zuwa Mile 12, ka roƙi wani tsohon dillali ya nuna maka wanda ya karye a harkar, ka ji ta bakinsa.

In har yanzu ranka na so, fara da dubu 300, ka haɗa hannu da wanda ya iya ajiya. Sauran dubu 900 ɗin ka bar su inda suke sai ka ga yadda kakar farko ta kaya.