Wane pikof ɗin jita ne ke ba da sauti irin na da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kaɗa jitar lantarki samfurin Stratocaster, ina kuma naɗar kiɗana a kwamfuta. Zan sauya mata pikof don in samu sauti irin na mutanen da. Na ga Pure Vintage '65 na Fender, na ga '59 na Seymour Duncan. Wanne zan saya? Sannan wani ƙugi yana shiga duk abin da na naɗa. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ga wanda bai sani ba, pikof ɗin nan ba a-kori-kura ba ne. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye, yana zaune ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke mayar da kaɗawarsu lantarki.

Biyun da ka ambata ba gidansu ɗaya ba. Na Fender kwayil ɗaya gare shi, wato naɗin waya ɗaya, irin wanda Stratocaster ta fito da shi tun 1954. Muryarsa siririya ce, tas, kowace tsirkiya ana jin ta daban; ka saurari makaɗan Agadas irin su Mdou Moctar, za ka gane. Shi kuwa '59 kwaikwayo ne na PAF, wani tsohon pikof da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, aka fara sa wa jitarsu Les Paul a 1957. Kwayil biyu ne da aka haɗa a saɓe don su kashe ƙugi, sautin kuma ya yi kauri. Amma ya fi ramin jitarka faɗi. Sai ka sauya farantin gaba, wataƙila har da sassaƙe katako, sannan maɓallin murya mai lamba 250k a sauya shi da mai lamba 500k, in ba haka ba sautin zai dushe. Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. Tsaya a kan mai kwayil ɗaya.

Sai dai shi ne uwa uba wajen kwasar ƙugi, don tamkar eriya yake ga wutar 50 Hz da muke amfani da ita. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko na tsakiya cikin pikof ukun an naɗa shi a juye. In haka ne, matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen pikof za su yi tsit. Saitin da ya bi na asali sau da ƙafa galibi ba shi da wannan.

Kar ka ɗora wa pikof laifin duka. Zare cajar kwamfutar ka naɗa da batir, ka ja baya daga allon, ka juya jikinka a hankali har ka samu gefen da ƙugin ya ragu. In janareta ne, duba ko yana da wayar ƙasa.

Pikof-pikof ɗin da aka tsufar da gangan kuwa, masu tsatsa a kai, ado ne kawai kake ƙara wa kuɗi. Haɗawar ka kai wa mai gyaran rediyo ya liƙe da dalma, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ya kwance.